Wankin Nozul da Ƙarfin Mota: Bayani ga Hakimai da Malaman Ofis

An shirya wannan takarda domin hakimai da malaman da ke riƙe da littattafan kuɗi a ofisoshinsu. Dalili kuwa shi ne, a zamanin nan da wuya a kai mota gareji ta dawo ba a ga "wankin nozul" a cikin takardar kuɗin da bakanike ya aiko da ita ba. Malami ya duba, bai san abin da a ke nufi ba, ya kai wa hakimi, hakimi ya sa hannu, a biya. Bayan wata biyu direba ya komo ya ce mota ba ta da ƙarfi, a sake wankewa, a sake biya. Wani lokaci aikin ya wajaba. Wani lokaci kuwa ciwon yana wani wuri dabam, ana ta shafa magani inda ba shi. Wanda ke sa hannu a kan kuɗin jama'a ya kamata ya iya rarrabe biyun, ko da bai taɓa riƙe sufana ba.

Za mu yi misali da wata 'yar ƙaramar mota ta nishaɗi, irin mai kujera biyu wadda a ke naɗe rufinta, sunanta Mazda MX-5. A birnin Hiroshima na ƙasar Japan a ke ƙera ta. An fara nuna ta ga jama'a a birnin Chicago na Amurka cikin watan Fabrairu na 1989, inda a ke ce mata Miata, kuma cikin watan Afrilu na 2016 aka gama ƙera ta miliyan ɗaya. Ba motar rangadi ba ce. Cikinta yana kusa da ƙasa ƙwarai, ba ta ɗaukar kaya, kuma wanda ya bi hanyar ƙauye da ita da damina zai yi da-na-sani. Abin da ya sa muka zaɓe ta shi ne, injinta ba shi da wani ɓoye-ɓoye, masu ita kuma a Ingila da Amurka da Japan sun shekara talatin da 'yan kai suna kwance shi suna mayarwa, har an san halinsa ciki da waje. Ta farkon tana da silinda huɗu, girman injin lita 1.6, ƙarfinsa wajen doki 115, nauyin motar duka kuwa bai kai tan ɗaya ba. Tun da ya ke ƙarfin ba shi da yawa, motar kuma ba ta da nauyi, in doki biyar ko goma suka ɓace mai tuƙi zai ji a jikinsa nan da nan. Babbar mota ta kan ɓoye ciwonta, ƙarama ba ta iyawa. Amma irin nozul ɗin da ke cikinta, da irin abin da ke damunsa, su ne a cikin mafi yawan motocin fetur da ke bin hanyoyinmu yau.

Abin da nozul ke yi

Injin mota ba ya ƙona fetur zalla. Sai an gauraya shi da iska, an matse su cikin silinda, sa'an nan fulogi ya ba da tartsatsi, su kama da wuta, su tura fistin. Gwargwadon da ya ke ƙonewa sarai shi ne nauyin iska 14.7 ga nauyin mai ɗaya. In aka juya wannan lissafi, za a ga lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000, watau cikin duro 45. A riƙe wannan magana, domin za mu komo kanta: abincin inji, iska ce ta fi yawa a ciki.

A dā kafireta ce ke yin wannan gauraye. Iska tana wucewa ta cikin maƙogwaronta tana tsotso mai, sa'an nan a raba wa silindojin. Dabara ce mai sauƙi, kanikawanmu kuma sun gwanance da ita, amma rabonta ba ya yin daidai. Wata silinda ta sami ƙari, wata ta sami ragi. Saboda haka maƙera suka koma ga fesa mai da ƙarfin famfo. Motar Jamus Mercedes-Benz 300 SL ta 1954 tana cikin na farko da suka yi suna da wannan dabara. A 1967 kamfanin Bosch ya fito da feshi wanda lantarki ke sarrafawa, aka sa shi a motar Volkswagen 1600. A wannan shekara kuma Ingilishi suka fito da Triumph TR5, 'yar motar nishaɗi mai feshi na kamfanin Lucas, wadda ta yi suna da gudu, ta kuma yi suna da famfonta da ke ɗaukar zafi a ranar da gari ya yi zafi. Daga baya, da ƙasashen Turai da Amurka suka tsananta doka a kan hayaƙin mota, kafireta ta ɓace daga sababbin motoci.

Ga yadda abin ya ke a MX-5. Akwai famfo na lantarki cikin tanki, yana tura mai ta cikin matata, watau filta, zuwa wani bututun ƙarfe da ke kwance a gefen inji. Ƙarfin turawar ya kai awo 40 ko kusa da haka a irin ma'aunin da mai faci ke gwada iskar taya da shi. Tayar motar kanta awo 26 a ke ba ta. A jikin wannan bututu nozul huɗu su ke maƙale, kowace silinda da nata. Nozul bai fi tsawon yatsa ba. A cikinsa akwai naɗin waya, da wata 'yar allura da ke toshe bakinsa. In wuta ta shiga naɗin sai ya zama maganaɗisu, ya ɗaga allurar, mai ya fita kamar hazo. In wuta ta ɗauke, sifirin ya mayar da allurar ta rufe.

Mai ba da umurnin buɗewa da rufewa ita ce ƙwaƙwalwar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos. Tana samun labarin yawan iskar da ke shiga, da zafin inji, da saurin juyawarsa, da yadda direba ya taka totur, sa'an nan ta yanke tsawon lokacin da nozul zai zauna a buɗe. In mota tana tsaye tana silo, lokacin nan bai wuce kashi biyu ko uku cikin dubu na sakan ɗaya ba. In inji yana juyawa sau 3,000 a minti, kowace silinda tana cin wuta sau 25 a sakan, kowane ci kuma da rabonsa na mai. Abin lura a nan shi ne, ƙwaƙwalwar ba ta auna man da ya fita. Lokaci kaɗai ta ke aunawa, ta ɗauka cewa bakin nozul yana nan yadda maƙeri ya yi shi. Ranar da bakin ya ƙuntata, lissafinta ya rushe, ita kuwa ba ta sani ba.

Yadda ya ke toshewa

Ratar da mai ke fita ta cikinta ba ta fi kaurin gashin kai ba, don haka abu kaɗan ya isa ya ɓata ta. Mutane da yawa suna tsammani ƙasa ce ko yashi ke toshe nozul. Akwai wannan, amma babban abin da ke kawo toshewa daga cikin man kansa ya ke. Sa'ad da aka kashe inji, ruwan lagireto ya daina zagayawa, zafi ya taru a kan inji na ɗan lokaci. Ɗigon man da ya saura a bakin nozul sai ya dahu a wurin; mai sauƙin ya tashi, mai nauyin ya daskare ya zama kamar ƙaro. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ya yi kauri. Shi ya sa motar da ke yin gajerun tafiye-tafiye, daga gida zuwa fada, daga fada zuwa kasuwa, ana kashewa ana tayarwa, ta fi saurin toshewa bisa ga wadda ke cin dogon zango. Mutanen Amurka sun sha wannan wahala cikin shekarun 1980, sa'ad da motoci masu feshi suka yawaita gare su, har daga 1995 hukumarsu ta tilasta a riƙa zuba sinadarin wanki cikin duk fetur ɗin da a ke sayarwa.

A ƙasarmu akwai ƙarin dalilai. Man da a ke saya a bakin hanya wurin 'yan bumburutu ya kan kwana cikin jarkoki a rana, ba a san abin da jarkar ta ɗauka a dā ba, wani kuma an haɗa shi da kananzir. Ruwa ya kan shiga tanki, tanki ya yi tsatsa, tsatsar ta bi mai. Ko man gidan mai ma ba kullum ya ke tsira ba: cikin watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur Nijeriya daga Turai aka tarar sinadarin metanol ya yi yawa a cikinsa, aka janye shi daga kasuwa bayan ya riga ya shiga tankunan mutane. Shi metanol yana cin roba, yana kuma jawo ruwa. Har wa yau motar da aka ajiye watanni ba a tayar ba, man da ke cikinta ya kan lalace ya yi danƙo, allurar nozul ta manne. Wannan shi ne ciwon motocin nishaɗi a Ingila, inda a ke kulle su duk lokacin sanyi, shi ne kuma ciwon motar da a ke ajiyewa sai ranar hawan salla.

To, in nozul ɗaya ya ƙuntata, me zai faru? Silindarsa za ta sami mai ƙasa da rabonta. A cikin bututun hayaƙi akwai wata 'yar na'ura da ke sansanar hayaƙin, tana gaya wa ƙwaƙwalwa ko mai ya yi yawa ko ya gaza. Amma hayaƙin silinda huɗu a haɗe ya ke iso ta. Sai ta ce mai ya gaza, ƙwaƙwalwa kuwa ta ƙara wa duka huɗun. Kamar shamaki ne wanda ba ya shiga barga, sai dai a kawo masa labari a dunƙule cewa dawaki ba su ƙoshi ba, shi kuma ya ce a ƙara wa kowanne hatsi. Ukun su ci har su kumbura, na huɗun mai ciwon baki yana nan da yunwarsa, rumbu kuwa yana ta raguwa. Wannan ne ya sa toshewar nozul ke ƙara shan mai, abin da mutane ke mamaki in sun ji, domin a ganinsu abin da ya toshe ai ragewa zai yi.

Hasarar ba ta tsaya ga kuɗin mai ba. Silindar da mai ya gaza mata tana ɗaukar zafi fiye da kima in ana gudu, har bawul ya ƙone ko kan fistin ya lalace. Akwai kuma kishiyar toshewa, watau nozul da ba ya rufewa sosai, yana ɗiga bayan an kashe mota. Man nan ya kan wanke baƙin mai daga jikin silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka shi. Aikin da za a gama da rana ɗaya sai ya zama sauke inji.

Kafin a kwance kome

Alamun su ne waɗannan: inji yana rawa in yana silo, mota tana shaƙewa in an taka totur kafin ta ɗauka, tana ɗingishi a kan hawa, tana wuyar tashi bayan an kashe ta da zafi, ko baƙin mai yana warin fetur. Amma lalle a sani, babu ko ɗaya daga cikin alamun nan da ya keɓanta ga nozul. Fulogin da ya tsufa yana kawo su. Wayar fulogi da ta fashe, ko koyil da ya raunana, ko tiyon iska da ya tsage, ko filtar mai da ta cika, ko famfon da ya gaji, duk suna kawo su. A MX-5 ta farko ma wayoyin fulogi sun fi nozul saurin mutuwa nesa ba kusa ba. Bakaniken da ya ji ƙarar mota daga bakin ƙofa ya ce "nozul ne" bai gwada kome ba tukuna, faɗa kawai ya yi.

Gwaji ba shi da tsada. A fara da fulogi: a kwance huɗun a jera su bisa tsarin silindojinsu. Mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne mai haske. Wanda ya yi baƙi da toka, mai ya yi masa yawa. Wanda ya yi fari fat, mai ya gaza masa. In uku sun yi kama da juna, ɗaya ya fita dabam, an san silindar da za a bincika. Sa'an nan a ta da inji, a ɗora bakin dogon sukurdireba a jikin kowane nozul, a kara kunne ga ƙotarsa. Mai aiki ana jin yana ƙyas-ƙyas ba fashi. A kuma gwada naɗin wayarsa da mitar wuta; na wannan mota ya kamata ya nuna tsakanin om 12 da 16. In mita ta nuna waya ta tsinke, wanki ba zai yi kome ba, sai sabo. A gwada ƙarfin famfo da ma'auni, domin nozul mai tsabta ba zai yi feshi mai kyau ba in turawar ta yi rauni. Motocin da aka ƙera daga baya suna da wurin da a ke jona na'urar bincike, ta faɗi silindar da ke ɓata wuta. In ta ce ta biyu ce, sai a musanya nozul na biyu da na uku. In ciwon ya koma ta uku, nozul ne. In ya tsaya inda ya ke, a bar nozul ya huta a nemi wani abu.

Malamin ofis ba shi zai yi waɗannan gwaje-gwaje ba. Nasa shi ne ya tambayi bakanike, "Me ka gwada, me ka gani?" Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Yadda a ke wankewa

Hanya mafi sauƙi ita ce maganin kwalba da a ke zubawa cikin tanki. Wanda ya fi aiki shi ne mai ɗauke da sinadarin da a ke rubuta wa PEA a jikin kwalbar. A zuba shi bisa ƙa'idar da aka rubuta, a cika tanki, a yi doguwar tafiya. Yana narkar da ƙaron da bai yi kauri ba, kuma ya fi amfani wajen tsarewa bisa ga warkarwa. Ba ya fitar da tsatsa ko yashi, ba ya gyara allurar da ta ci. Kwalba biyu kuma ba su fi ɗaya ba; wanda ya ninka awo ya yi ɓarnar kuɗi ne kawai.

Waɗansu garejoji suna da gwangwani mai iska da su ke jonawa ga bututun nozul, su kashe famfon tanki, inji ya yi ta aiki da maganin wanki zalla har ya ƙare. Ya fi na kwalba ƙarfi, amma aibinsa shi ne ba wanda ya ga feshin da idonsa, ko kafin wanki ko bayansa.

Wankin da ya cancanci sunan shi ne wanda a ke cire nozul daga mota. Da farko a sauke ƙarfin man da ke cikin bututu: a zare fis na famfo inji yana aiki, a bar shi ya mutu da kansa, sa'an nan a cire kan batir. Kada a yi aikin inji yana da zafi, kada kuma a yi shi kusa da mai shan taba ko murhun mai shayi. A share ƙurar da ke kewaye da nozul kafin a zare shi, don kada ta zuba cikin inji. A sa wa kowanne lamba. Daga nan a ɗora su a kan injin gwaji, wanda ke da kwalaben awo masu zane-zane, kowane nozul da tasa. A sa su yi feshi na lokaci ɗaya, a duba abu uku: yawan man da kowanne ya zuba, da kamannin feshin, ko hazo ne ko tsartuwa, da kuma ko yana ɗiga in an rufe shi. A rubuta abin da aka gani. Sa'an nan a tsoma bakunansu cikin kwanon wanki wanda ke girgiza ruwan magani wajen sau 40,000 a sakan, ana buɗe su ana rufewa da wuta, girgizar tana farfasa ƙaron. A tura magani ta baya don dattin ya fita ta inda ya shigo. A canja 'yar rariyar da ke bakin shigar mai, a canja zoben roba na sama da na ƙasa, a sake gwadawa. Kanikawa masu lura ba su yarda bambancin da ke tsakanin nozul da nozul ya wuce kashi 5 cikin 100. Wanda ya ƙi daidaita bayan wanki biyu, a sake shi.

Zoben robar nan ƙaramin abu ne, amma shi ne ke tsakanin mai da wuta. Tsoho ya kan bushe ya tsage wajen mayarwa, mai ya riƙa tsiyaya a kan inji mai zafi. A shafa wa sabo ɗan baƙin mai mai tsabta kafin a sa. Bayan an haɗa kome, a murɗa makulli ba tare da an ta da inji ba, ko a tayar a bar shi yana silo, a duba ko'ina da fitilar hannu, a kuma sansana.

Akwai al'ada biyu da ya kamata a hana. Ta ɗaya ita ce sa allura ko 'yar waya a tsokane bakin nozul. Ramin zai buɗe, gaskiya ne, amma ya buɗe fiye da awonsa, ba kuwa zai koma ba har abada. Ta biyu ita ce jona nozul kai tsaye ga batir a riƙe, ana fesa masa maganin kafireta. An yi shi ne ya karɓi wuta ƙyaftawar ido. In aka daɗe naɗin ya kan ƙone, ga kuma tartsatsi kusa da abu mai kama wuta. Duk wanki kuma da aka yi ba a canja filtar mai ba, an yi wanka ne an koma cikin turɓaya. A MX-5 ta farko filtar tana ƙarƙashin mota kusa da tayar baya ta dama, inda ido ba ya kaiwa, saboda haka a ke yawan mantawa da ita.

Sababbin injuna, har da na MX-5 da aka fara sayarwa a 2015, suna fesa mai kai tsaye cikin silinda da ƙarfin da ya kan haura awo 2,000. Waɗannan, da na motocin gas, ba aikin gindin bishiya ba ne. Feshin nozul na gas yana iya huda fatar hannu.

Maganar ƙarin ƙarfi

Wanki yana mayar wa mota ƙarfin da ta rasa. Ba ya ƙara mata ko doki ɗaya bisa abin da maƙeri ya ba ta. In mai mota ya ji ta yi sauƙi bayan wanki, alama ce ta cewa da ma tana ciwo. In nozul ɗin lafiyarsa ƙalau, a wanke shi sau goma, doki 115 ɗin nan ne dai.

Haka nan kuma sa manyan nozul ba ya ƙara gudu, ko da ya ke samari masu son tsere sun daɗe suna faɗa wa wannan rami. Mu koma ga lissafin duro 45. Iyakar ƙarfin inji ita ce iskar da ya ke iya shaƙa. In aka ƙara mai ba a ƙara iska ba, sai baƙin hayaƙi da fulogi mai toka. Babban nozul yana da amfani ne in an sa wa inji abin da ke cusa masa iska da ƙarfi, watau tobo, aka kuma sake wa ƙwaƙwalwa lissafi. Kamfanin Mazda da kansa ya yi haka a 2004, ya fito da wadda ya kira Mazdaspeed MX-5 mai doki 178, amma sai da ya ƙarfafa sauran kayan motar su iya ɗaukar wannan ƙarfi. A 1993 ma da ya so ƙari, injin ya faɗaɗa zuwa lita 1.8.

Tun da iska ce gaba, matatar iska ita ce wurin da ya kamata a fara dubawa, balle a ƙasar da hunturu ke rufe rana da ƙura. Matatar da mutumin Ingila zai shekara biyu da ita, a nan ta kan cika kafin bazara. A kakkaɓe ta sau da yawa, a canja ta in ta yi duhu. Kada a cire ta gaba ɗaya wai don inji ya sami numfashi, kada kuma a maye ta da irin ta kwalliya mai manyan ƙofofi. Ƙarar mota za ta yi daɗin ji, ƙura kuwa tana goge silinda kamar an sa mata yashi. Ta wajen fita kuma akwai tukunyar tace hayaƙi da ke kafin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi. In inji ya daɗe yana zubo ɗanyen mai ta kan narke ta toshe, mota ta kasa hawan tudu. Canja ta ba tare da an gyara abin da ya kashe ta ba, sabuwar ma haka za ta bi.

Tudun ƙasa ma yana da nasa rabo. Iska tana raguwa in an hau sama, inji marar tobo kuma yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Jos tana bisa teku da mita 1,200 ko ɗan fiye, don haka motar da ta taso daga Ikko ta kan rasa kashi ɗaya cikin goma ko fiye in ta isa can. Wannan ba ciwo ba ne, ba kuwa wankin da zai gyara shi.

Masu MX-5 a ƙasashen sanyi suna da wata dabara ta gaggauta lokacin tartsatsin fulogi, daga digiri 10 da maƙeri ya sa zuwa 14, motar ta ɗan ƙara kuzari. Ba mu ba da shawarar a kwaikwaye su a nan ba. Injin farkon ba shi da na'urar da ke jin ƙwanƙwasa ta ja da baya da kanta, kuma zafin watan Afrilu da man da ba a tabbatar da kyansa ba su ne abin da ke kawo ƙwanƙwasar. In aka ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani sa'ad da a ke hawa, fistin ne ke shan duka.

Sauran ƙarfin da ke ɓacewa ba a cikin inji ya ke ba. Tayar da iskarta ta ragu, da birkin da ke kamawa, da kayan da aka manta a but, kowanne yana cin rabonsa. A mota mai nauyin da bai kai tan ɗaya ba, buhun hatsi guda ya fi kashi ɗaya cikin goma na nauyinta. A kuma hana direba al'adar tafiya da tanki kusan wayam yana sayen lita biyu-biyu, domin man da ke cikin tanki shi ne ke sanyaya famfo.

Abin da zai taimaki malami ƙwarai shi ne ya buɗe wa kowace mota shafi a littafi. Duk ranar da aka sha mai a cika tanki, a rubuta lita nawa aka zuba, da lambar kilomita da ke kan agogon mota, da gidan man da aka saya. A raba kilomitar da aka yi da litar da aka zuba, a sami abin da motar ke ci. A ƙarƙashin wannan a rubuta ranar da aka canja fulogi, da filtar mai, da matatar iska. In aka kai ta wankin nozul, a nemi bakanike ya rubuto awon kwalaben nan huɗu, na kafin wanki da na bayansa, ya kuma dawo da tsofaffin zoben roba da rariyoyin a cikin leda, a liƙa takardar a shafin motar kafin a kai wa hakimi ya sa hannu.